Ɗan Bamasare da tutar Italiya: yadda na ga ana zaɓa wa ƙasa waƙa

A watan Fabrairun 2019 na sauka Napoli da buƙata biyu. Ta farko kowa ya san ta, sarin takalma da jakunkuna ne, waɗanda nake lodawa a kwantena zuwa Kwatano shekara da shekaru. Ta biyun kuwa saƙo ne dangi suka ɗora mini daga Kano: in je in shawo kan ƙanena ya maido da 'yarsa ta fari gida, ta yi sakandare da islamiyya a gaban 'yan uwa tun kafin ta fi ƙarfinmu. Shekararta 14 a lokacin. A can aka haife ta, sau biyu kacal ta taɓa taka Najeriya. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, don haka ba na iya kiran sunan, Uwata nake ce mata, ita kuma ta ce mini Baffa.

Na so in buɗe maganar tun daren da na isa, amma ban ga fuska ba. Ana idar da sallar isha'i sai na ga an kwashe kwanuka da gaggawa, kowa ya nemi wuri a gaban talabijin. Ƙanena ya dube ni yana dariya, ya ce, "Yaya, sai haƙuri, a makon Sanremo ka faɗo. Ƙasar nan ba mai sauraron wani sai ranar Lahadi."

Ni ba ma'abocin kiɗan Turawa ba ne. Kunnena a kan Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya ya tashi, kuma har gobe su nake sakawa idan hanya ta yi nisa. Amma sanyin waje ba ya barin mutum fita, kuma inda aka yi wa baƙo shimfiɗa nan yake zama. Haka na zauna dare biyar, daga Talata zuwa Asabar, Uwata tana gefena tana yi mini tafinta da Hausarta mai ɗan karkata. Wani lokacin in kawar da kai, don shigar wasu daga cikin mawaƙan ba ta kallon dattijo ba ce. Amma yadda aka tsara abin ya ja hankalina, domin na ga kasuwanci ne tsagwaronsa, irin wanda muka sani: a tara haja, a tace, a zaɓi guda ɗaya a ce ita za a kai kasuwar waje.

Sanremo ƙaramin gari ne a bakin teku, can arewa maso yammacin Italiya, dab da iyakar Faransa, an san shi da noman furanni. A 1951 aka fara gasar waƙa a garin, a zauren gidan caca, ana watsawa ta rediyo. Mawaƙan wannan shekarar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, su suka raba waƙoƙi 20 a tsakaninsu, wata mata mai suna Nilla Pizzi ta yi nasara. Daga 1977 aka koma da gasar wani gidan wasa da ake kira Ariston, kuma a nan take har yau. Gidan talabijin na ƙasa, RAI, shi ke da bikin. Mutum sama da miliyan 10 ke zama su kalli daren ƙarshe, a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 60 ba.

Da ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin na Turai, wadda ake kira EBU, ta ga yadda abin ya karɓu, sai ta kwaikwaye shi ta ƙirƙiro gasar ƙasa da ƙasa. Ita ce Eurovision, aka fara ta a 1956 a garin Lugano na Suwizalan da ƙasashe 7. Wato Sanremo ce uwa, Eurovision 'ya, ko da yake 'yar ta zo ta fi uwar girma nesa ba kusa ba.

Abin da na fara fahimta shi ne, ba gwamnati ke tura waƙa ba. Ba minista, ba majalisa. Gidan talabijin ɗin ƙasa ne ɗan ƙungiya, shi ke biyan kuɗin shiga, shi ke da wuƙa da nama a kan wanda zai je. Shi ya sa ma ake ganin ƙasashen da ba na Turai ba a ciki, tunda zama ɗan ƙungiyar ake dubawa. Maroko ta taɓa shiga sau ɗaya, a 1980, ta tura Samira Said da waƙar Larabci. Maki 7 ta samu, ta zo ta biyun ƙarshe, kuma duka bakwai ɗin Italiya ce ta ba ta. Tun daga nan Maroko ba ta sake komawa ba.

Kowane gida da yadda yake zaɓensa. Wasu, irin BBC ta Ingila a yawancin shekarun nan, ƙofa suke rufewa, manya su zauna su tsayar da mawaƙi da waƙa, sai dai jama'a su ji sanarwa. Mutanen Suwidin kuwa mako shida suke yi suna zagaya garuruwa da gasarsu, kuma a daren ƙarshe rabin makin alƙalai ne daga wasu ƙasashe ke bayarwa. Wannan dabarar ta burge ni. Duk wanda ya taɓa asara a wannan sana'a tamu ya san takalmin da ake yayi a Napoli ba lallai ya shiga a Dantokpa ba. Na taɓa loda dogayen takalman mata masu kyan gaske, don na ga kowace mace a can da su, suka shekara biyu a shago suna shan ƙura. Su mutanen Suwidin mai saye suke fara tambaya kafin su ɗaure kaya.

Italiya ba haka take ba. Su Sanremo don kansu suke yin ta, ba don wata Eurovision ba. Sun ma taɓa juya wa gasar baya bayan 1997, sai a 2011 suka dawo. Daga 2015 ne aka tsayar da ƙa'ida cewa wanda ya ci Sanremo shi za a fara yi wa tayin wakiltar ƙasa, in ya so ya karɓa, in bai so ba a nemi wani. Kuma ana ƙi ɗin. A 2016 wasu dattawan makaɗa da ake kira Stadio suka ci, suka ce a kai kasuwa, aka tura yarinyar da ta zo ta biyu, Francesca Michielin. A 2025 ma wani matashi mai suna Olly ya ci, ya ce yana da wasannin da ya riga ya sayar wa mutane tikiti, aka tura na biyu, Lucio Corsi. To ka ga, abin da suke ci a gida shi suke zuba wa baƙo, in ya yi masa daɗi to, in bai yi ba shi ya sani.

Rariyar farko mutum ɗaya ce. RAI kan naɗa darakta, kamfanonin waƙa su aiko masa da hajarsu, ya saurara ya zaɓi waɗanda za su hau dandamali. Sharaɗin shi ne waƙa ta zama sabuwa fil, ba a taɓa rera ta a bainar jama'a ba. A 2019 daraktan wani tsohon mawaƙi ne, Claudio Baglioni. Waƙoƙi 24 aka shigar. Guda 22 shi ya ɗauko su, sauran biyun kuwa gurabe ne da aka ware wa waɗanda suka ci wata gasar matasa da aka yi a watan Disamba. Ta wannan ƙaramar ƙofa wani saurayi ya shigo, wanda yawancin masu kallo ba su san fuskarsa ba, ko da yake ya jima yana rubuta wa wasu waƙa.

Da aka kira sunansa a daren farko na ɗago kai. Mahmood. Na ce, "Uwata, wannan namu ne?" Ta yi dariya ta ce, "Baffa, ko Larabci ba ya ji sosai." Sunansa na yanka Alessandro Mahmoud, an haife shi a Milan a 1992. Ubansa Bamasare ne, uwarsa 'yar tsibirin Sardiniya. Uban ya tafi ya bar su tun yaron yana ƙarami, uwar ta raine shi ita kaɗai a wata unguwa ta bayan gari. Sunan waƙar Soldi, wato kuɗi. Da ta fassara mini sai jikina ya yi sanyi. Ɗa ne yake magana da uban da ya tafi, wanda in ya waiwayo ma ba lafiyar ɗan ce ta dame shi ba, maganar kuɗi ce. Har watan azumi ya ambata, yana nuna uban bai kiyaye shi ba, kuma akwai layi ɗaya na Larabci a ciki, irin kiran da uba ke yi wa ɗansa yana ƙarami. Akwai inda ake tafi sau biyu a cikin amshi, kafin Alhamis duk yaran gidan sun iya.

Ƙanena tun daga nan ya tsani waƙar. Ya ce ko me uba ya yi, ba a tsayawa gaban duniya a tona masa asiri. Na yarda da shi rabi. Ɗaya rabin kuwa shiru na yi, don na tuna shekarun da nake wata uku ban kwana gida ba, in na bugo waya tambayata ta farko ita ce nawa aka yi ciniki. Mu fatake ba mu cika son a taɓo wannan wurin ba.

Daren Asabar, 9 ga wata, aka tace aka bar uku. Akwai Ultimo, saurayi ɗan Roma mai kaɗa fiyano, wanda matasa ke mutuwar so. Akwai Il Volo, samari uku masu manyan muryoyi irin na da, su tsofaffi ke so, kuma sun taɓa cin gasar a 2015. Sai Mahmood. Aka sake buɗe ƙuri'a.

A nan ne gizo ke saƙar. Kashi uku aka raba hukuncin. Jama'ar gari masu aika saƙo ta waya suna da kaso 50 cikin 100, kuma kowace ƙuri'a kuɗi ce, kimanin rabin yuro. 'Yan jaridar da ke zaune a ɗakin da aka ware musu suna da kaso 30. Sauran 20 ɗin na wasu manyan mutane 8 ne da aka kira alƙalan girma: makaɗi, 'yan fim, masu gabatar da shiri, marubuci, har da wani mai gidajen sayar da abinci. Ƙanena, wanda ya fi shekara 20 a ƙasar yana biyan haraji amma bai taɓa jefa ƙuri'ar zaɓen ko kansila ba, ya ɗauki wayarsa ya aika wa Ultimo. Ya ce, "Yaya, ita ce kaɗai ƙuri'ar da ba a tambayar mutum fasfo." Uwata kuwa ta lallaɓa ta ɗauke wayar uwarta.

Ƙarfe ɗaya na dare ta wuce kafin a buɗe sakamako. Il Volo na uku. Aka yi shiru. Sai aka kira Mahmood. Shi kansa ya tsaya sororo kamar bai ji daidai ba. Uwata ta yi tsalle ta kurma ihu har maƙwabcin sama ya buga mana ƙasa da sanda, sannan ta durƙushe a gaban talabijin tana kuka. Ban taɓa ganin ta haka ba.

Kashegari lissafi ya fito, rigima ta tashi. Ashe a ƙuri'ar jama'a Ultimo ne ya kwashe kusan rabi, Mahmood kuwa shi ne na ƙarshe a cikin ukun. 'Yan jarida da mutum takwas ɗin nan ne suka taru a kansa suka ɗaga shi sama. Ultimo ya fusata, ya yi cacar baki da 'yan jarida a gaban kyamara. Matteo Salvini, ministan cikin gida a lokacin, wanda duk baƙon da ke Italiya ya san matsayinsa a kan baƙi, ya rubuta a intanet cewa shi da Ultimo zai zaɓa. Ɗaya mataimakin firaministan, Luigi Di Maio, ya ce alƙalan sun yi nisa da abin da talaka ke so, gara a bar wa jama'a zaɓen su kaɗai. Wasu kuma ba su ɓoye ba, suka fito ƙarara suna tambaya ko mai irin wannan suna ya cancanci ɗaukar tutar Italiya. Yaron ya amsa wa 'yan jarida cewa a Milan aka haife shi, a nan ya girma, shi ɗan Italiya ne ɗari bisa ɗari.

Rigima biyu ce aka cakuɗa wuri ɗaya, kuma a teburin karin kumallo na ga an raba su. Ƙanena ba ruwansa da asalin yaron, shi kuɗin mutane yake ji. Ya ce, "An karɓi rabin yuro a hannun talaka sau dubu ɗari nawa, sannan mutum takwas su zo su juya abin? In ka san ba za ka bi maganata ba, don me za ka sayar mini da bakin magana?" A matsayina na ɗan kasuwa na san yana da hujja. Amma ni kuma na ce masa, ai ba a ɓoye ƙa'idar ba, tun kafin a fara aka shelanta ta. Kuma ƙuri'ar waya ba ta auna kyan waƙa, yawan masoya take aunawa. Wanda ya shekara yana cika filaye da wanda jiya aka san shi, in ka bar su ga waya kawai, ka san wanda zai ci tun kafin su buɗe baki. Dillalin kirki ma aikinsa ke nan, ya ga abin da zai shiga gobe alhali kasuwa tana kan na jiya.

Uwata tana jin mu ba ta ce komai ba. Na ga dama ta samu, tunda Lahadin da aka yi mini alkawari ta zo, sai na gyara murya na sauke saƙon Kano. Na yi bayani mai tsawo, na kawo tarbiyya, na kawo harshe, na kawo aure. Ƙanena ya sunkuyar da kai, don ba ya musu da ni. Ita ce ta ɗago ta ce, "Baffa, in yi magana?" Na ce bismilla.

Ta ce, "Shi wannan da ake zagi, uwarsa ta ba shi takarda tun ranar da aka haife shi, amma ka ji abin da ake ce masa. Ni a asibitin garin nan aka haife ni, ban san wata makaranta ba sai tasu, amma a takarda baƙuwa ce. Saura mini shekara huɗu. In kuka ɗauke ni yanzu, shi ke nan."

Ban gane ba sai da uban ya warware mini. Dokar zama ɗan ƙasa ta Italiya, ta shekarar 1992, jini take bi, ba wurin haihuwa ba. Ɗan baƙi da aka haifa a can baƙo ne, a kan takardar zaman iyayensa yake. Sai ya cika 18 ake buɗe masa ƙofa ta shekara ɗaya tak, ya je ofishin ƙaramar hukuma ya ce yana so, da sharaɗin ya zauna a ƙasar bisa ƙa'ida tun haihuwa ba tare da yankewa ba. Hutu ba ya ɓata lissafin, amma ɗauke yaro a kai shi wata ƙasa ya yi shekaru yana karatu yana ɓatawa. Na ce to kai me ya hana ka nema, ta samu ta hanyarka? Ya ce shekara 10 ɗin da ake nema ya cika tuni, amma kuɗin shigar da ke rubuce a takardarsa bai kai ba, ga shi kuma dokar da Salvini ya kawo a ƙarshen 2018 ta mai da jiran amsa daga shekara 2 zuwa 4.

Na daɗe ban ce uffan ba. Tunanin nawa 'ya'yan nake yi a Kwatano, waɗanda Faransanci da yaren Fon suka fi zama a bakinsu, in mun je Kano a ce musu 'yan Kwatano, in mun dawo a ce musu 'yan Najeriya. Na san masu karanta wannan a zangon Kumasi da Lome da Birkitari ta Yawunde ba sai na yi musu dogon bayani ba. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa za ta zauna, amma duk dogon hutun bazara za ta zo gida ta yi wata biyu. Ni na ɗauki nauyin kai wannan amsa Kano. Gwaggonmu ta yi kusan shekara ba ta amsa gaisuwata da daɗi.

Na dawo Kwatano da kayana, amma zancen waƙar ya biyo ni, don Uwata ta mai da ni abokin hira, kullum da saƙon murya. Ta bakinta na ji sauran aikin, wato turawar, wanda ashe ya fi zaɓen ƙa'idoji. Kamar dai shigar da kaya tashar jirgin ruwa ne, komai da ma'auninsa. Waƙa ba za ta wuce minti 3 ba, ko da daƙiƙa ɗaya. Na Sanremo kuwa sukan haura, don haka sai an sa almakashi. Soldi kaɗan aka rage mata, amma a 2017 sai da aka yanke wa waƙar Francesco Gabbani baiti guda, ana ganin shi zai ci, ya ƙare na shida. Mutum 6 kawai aka yarda su hau dandamali, har da masu rawa da 'yan amshi. A Sanremo makaɗa gommai ne ke zaune da goge manya da ƙanana da kayan busa, suna kaɗawa nan take, amma Eurovision ta sallami irin wannan tun bayan 1998. Kiɗan a naɗe yake zuwa, muryar mai waƙar ce dole ta fito daga bakinsa a lokacin. Ba a yarda da waƙar da ta riga ta shiga kasuwa kafin 1 ga Satumban shekarar da ta gabata ba. Ba a yarda da saƙon siyasa ba, ko da yake siyasar ba ta taɓa fasa shigowa ta taga ba. Harshe kuwa tun 1999 aka sake wa kowa mara, shi ya sa yawanci suka koma Turancin Ingilishi don neman kasuwa. Italiya dai da harshenta take zuwa.

Kowace ƙasa tana da madugu, ma'aikacin gidan talabijin ne, shi ke miƙa waƙar da duk takardunta a taron da ake yi a watan Maris, shi ke jan ayari zuwa garin da za a yi gasar, inda ake kusan mako biyu ana gwaji: ina kyamara za ta tsaya, wace fitila za ta kama a wace daƙiƙa. Duk wannan kuɗi ne, kuma wanda ya ci ba a ba shi ko sisi, kofin gilashi ne mai siffar makirufo, ƙasarsa kuma ta gaji ɗawainiyar karɓar baƙi a shekara mai zuwa. Akwai ƙasashen da nauyin ya sa suka janye, kamar Bulgeriya da Montenegro da Masedoniya ta Arewa a 2023. Ribar tana wajen suna. Wasu samari 'yan Roma da ake kira Måneskin, waɗanda suka fara da kiɗa a bakin titi, sun ci Sanremo suka ci Eurovision a 2021, daga nan duniya ta buɗe musu. Ita ce nasarar Italiya ta uku, bayan ta 1964 da ta 1990.

Ƙasashe 41 suka shiga a 2019, aka tankaɗe aka bar 26. Italiya ba ta bi ta tankaɗen ba, domin a lokacin tana cikin ƙasashe biyar da suka fi zuba kuɗi, tare da Faransa da Jamus da Sifaniya da Ingila, waɗanda ake wuce da su zagayen ƙarshe kai tsaye. Ko a can ma mai babban jari ba ya bin layi. A Tel Aviv aka yi gasar, saboda Isra'ila ce ta ci a 2018, kuma an yi ta kiraye-kirayen a ƙaurace saboda Falasɗinawa. Ni kaina ban yi niyyar kallo ba. Daren 18 ga Mayu ne, muna cikin azumi. Na dawo daga asham na ci abinci na kishingiɗa, sai ga ɗana da waya a hannu, wai 'yar uwarsa ta ce lallai a nuna wa Baffa wurin rabon maki.

Rabon nasu ma kashi biyu ne. A 2019 kowace ƙasa tana da alƙalai 5 masana kiɗa, sannan ga jama'arta masu waya, kowane ɓangare ya ba ƙasashe goma maki, daga 1 zuwa 8, sai 10, sai 12. Ba a yarda ƙasa ta zaɓi kanta ba. Wato duk masoyan da ka tara a gida ba su da amfani a wannan dare, sai abin da baƙo ya gani a hajarka. Holan ce ta ci da maki 492, Italiya ta bi ta da 465. Bayan 'yan kwanaki aka gano an yi kuskure a lissafin, aka gyara ya koma 498 da 472, matsayin nasu bai canja ba. Amma abin da na sa ɗana ya sake karanta mini sau biyu shi ne rabe-raben makin Mahmood: alƙalai 219, jama'a 253. Yaron da masu wayar ƙasarsa suka ajiye a ƙarshe, masu wayar ƙasashen waje sun ba shi fiye da abin da masana suka ba shi. Na aika wa ƙanena da wannan lissafi. Ya amso da cewa har yanzu dai ba a dawo wa mutane da rabin yuronsu ba.

Daga shekarar da ta biyo baya RAI ta soke kujerun alƙalan girman nan. Mahmood ya sake cin Sanremo a 2022, shi da wani yaro mai suna Blanco, wannan karon ba wanda ya yi gardama. Uwata ta cika 18, ta je ta yi abin da doka ta ce, ta aiko mini da hoton jan fasfonta a kan sallayar uwarta. Hutun bazara kuwa ba ta taɓa tsallakewa ba in ban da shekarar korona, kuma Gwaggo da kanta take yi mata dambun nama idan za ta koma.

Sai Fabrairun 2024. Ina shago da safiyar Lahadi waya ta yi ƙara, na ɗauka na ji murya tana rawa. Na tsorata, na ce lafiya? Ta ce, "Baffa, an yi mana fashi!" Ashe wani yaro ne ɗan unguwar Secondigliano ta Napoli, ana ce masa Geolier, ya shiga gasar da waƙa cikin yaren Napoli, yaren da ita ma take yi da ƙawayenta. Tun daren Juma'a wasu 'yan kallo a zauren suka yi masa ihu, wasu suka tashi suka fita, mutanen kudu kuma suka ɗauki abin a matsayin rainin da 'yan arewacin ƙasar suka saba yi musu. Daren ƙarshe ya kwashe kaso 60 cikin 100 na ƙuri'ar waya. Amma a shekarar kaso 34 kawai aka bar wa jama'a, 'yan jarida 33, gidajen rediyo 33. Waɗannan biyun suka taru a kan wata yarinya, Angelina Mango, ita ta ci, ita aka tura Malmo ta ƙasar Suwidin, inda daga baya ta zo ta bakwai.

Na bar ta ta gama zazzagawa. Wai ina amfanin tambayar mutane in 'yan jarida ne za su yanke, wai an ci kuɗin talakawa. Na ce, "Uwata, wannan maganar kamar na taɓa jin ta a teburinku, shekara biyar ke nan. Amma ba daga bakinki ba."

Ta yi shiru. Can ta ce, "Baffa, wancan daban ne."

Na ce ta yaya?

Ta ce za ta yi tunani ta kira ni. Ina jiyo dariyar ubanta daga bayan ɗaki. Kafin ta ajiye na tambaye ta nawa ta kashe wa ƙuri'a a makon. Ta rage murya ta faɗa mini, ta ce don Allah kar in gaya wa Abba, don har da wayarsa ta yi amfani yana barci.